Hannun Da Ya Soya Naman Alade

Ni Zuwaira, 'yar Inna mai waina ta Gwammaja, wadda mutane ke tasowa tun daga Fagge su yi layi a ƙofar gidanta kafin rana ta fito, ni ce aka wayi gari ina soya naman alade a Manchester. Na faɗa tun daga farko don wanda zai tofar da yawu ya tofar yanzu mu wuce wurin. Ban taɓa kai shi bakina ba, ba kuma zan kai ba har in koma ga Mahaliccina. Amma na soya shi, na daddatsa shi, na barbaɗa shi a cikin ƙwai, kuma in ana maganar iyawa, na iya.

Zangona na farko a ƙasar nan Perry Barr ne, a Birmingham. Malam, maigidana, yana karatun digirin digirgir a jami'ar da ke Edgbaston, ni kuma na biyo shi. Ɗaki ɗaya muka samu a saman wani gida, bangonsa kullum a jiƙe, tagarsa tana kallon bayan kanti. In Malam ya fita da safe sai in zauna ina kallon motocin da ke sauke kaya, ba mai ce mini sannu. Abin da ya hana ni zaucewa shi ne tandar da Inna ta cusa mini a akwati, wadda na yi ta mitar nauyinta a hanya. Na fara yin waina ranar Asabar, Malam yana kai wa abokan karatunsa, daga nan labari ya kai kunnen Hajiya Luba.

Hajiya Luba matar wani babban likita ce, sun daɗe a nan har 'ya'yansu Hausa ta fara yi musu wuya. Duk Bahaushiyar da ta sauka Birmingham gidanta ake fara kai ta gaisuwa. Ita ke cewa wance ta iya girki, wance ba ta iya ba, kuma in ta faɗa ya zauna. Na aika mata waina da miyar taushe a kwanon samira, kwanon ya dawo mini da turare da sabulu a ciki. Haka ake yi a wurinmu, ba a mayar wa mutum kwanonsa wayam, ko goro ne sai an sa. Ranar na ji kamar na yi uwa a Turai.

Ana haka masu ɗaukar nauyin karatun Malam suka yi shiru. Ya buga waya har ya gaji, kullum amsar ita ce ana kan aiki. Mai gidan haya kuwa bai san wani ana kan aiki ba. Na je na gaya wa Hajiya halin da muke ciki, ta ce in kwantar da hankalina, ƙaninta Alhaji Mudi yana da kamfanin samar wa mutane aiki a Manchester.

Zango na biyu ke nan, Cheetham Hill. Unguwa ce ta manyan ɗakunan ajiyar kayan sari, duk yaren da ka sani za ka ji shi a bakin titi, har da wanda ba ka sani ba. A cikin ɗaya daga ɗakunan nan na samu Alhaji Mudi, zaune a tsakanin kwalayen zannuwan gado, carbi a hannun dama, waya a hannun hagu. Ya amsa gaisuwata da fara'a har da tambayar mutanen gida.

"Aikin kicin ne, Malama Zuwaira, a gidan tsofaffi," in ji shi. "Yaya ta ce ke gwana ce. Very easy, breakfast da lunch kawai, ki tashi."

Na ce, "Alhaji, abincin wane iri ne?"

"Abinci dai. Kunu-kunu, dankali, irin na marasa haƙori. Haba Malama, ina Musulmi zan tura matar ɗan'uwana inda bai dace ba?"

Ya ba ni gado a wani gidansa da ya cika da mata ma'aikata irina, ya ce haya za a riƙa cirewa daga albashi, tare da kason kamfani. Litinin zuwa Juma'a ina Manchester, Asabar da Lahadi ina Birmingham. Na yi godiya har da rusunawa, abin da in na tuna yanzu nake jin kamar in mari kaina.

Shugabar kicin ɗin wata Baturiya ce mai suna Pauline, doguwa, ta manyanta, muryarta ta dushe da taba, bakinta kuma ba linzami. Ta kasa faɗin sunana, ta ce ita Zu za ta riƙa kirana, in na ga dama in amsa. Ta zagaya da ni ta nuna mini inda komai yake, sannan ta buɗe firji ta ciro wasu ledoji masu nauyi ta dire a kan tebur. Nama ne an yanka shi falle-falle, jan tsoka da farin kitse a jere kamar zanen atamfa. Na tambaye ta mene ne.

Ta ce, "Bacon. Kullum da safe. In babu shi a kan tebur tsofaffin nan sai sun ƙone gidan."

Naman alade ne da aka jiƙa da gishiri aka bi shi da hayaƙi. Na ce mata ina zuwa, na shiga banɗaki na kira Alhaji.

Ko gezau bai yi ba. Ya ce, "Ki sa gloves mana. Lalura ce, ni ma na tambayi malamai. Ba ci za ki yi ba. In kuma ba kya so ki faɗa, akwai mutane a waiting list suna jiran aikin."

Na kira Malam. Da na gaya masa sai ya ce, "To, yadda kika gani dai." Wannan amsar ta fi ta Alhaji ƙona mini rai. Yadda na gani. Ya san abin da na gani, ai tare muke ganin takalmin mai gidan haya a bakin ƙofa. Ya dai fi son hukuncin ya fito daga bakina don nasa ya zauna da tsarki. Na wanke fuska, na sa safar hannu biyu biyu, na koma kicin.

Na tarar Pauline za ta fita karɓar kaya daga mota. Ta ce in dafa naman kafin ta dawo, za mu haɗa abincin gobe. Ba ta ce ga yadda ake yi ba, ni kuma ban tambaya ba, don a ganina ba a haifi Baturiyar da za ta koya wa 'yar Inna dafa nama ba. Na yi abin da kowace 'yar Kano za ta yi. Na zuba shi a roba na wanke shi tas, na sake ruwa na kuma wankewa har santsin ya fita. Na zuba a tukunya da albasa na sulala shi sosai, ina kawar da kai ina salati a zuci. Da ya tafasa na tsame a kwalanda, na ɗora mai a kasko na soya.

Pauline ta dawo ta leƙa kaskon. Ta daɗe tana kallo. Naman ya yi fari fat, ya nannaɗe kamar tsumman goge tebur. Ta ɗauki ɗaya ta tauna, ta dube ni.

"Zu, me ya yi miki?"

Na ce, "Wanke shi na yi na dafa. A garinmu ba a soya nama sai an wanke an sulala."

"Kin wanke bacon."

"Da ƙazantarsa za a ci?"

Sai ta fashe da dariya har tari ya sarƙe ta, ta dafa tebur tana share hawaye. Ni kuwa haushi ya cika ni, don ban ga abin dariya ba. Da ta lafa ta kwashe naman duka ta juye a shara, ta ce in manaja ya tambaya ita ce ta bar shi ya ƙone. Ba ta kai ƙarata ba. Wannan shi ne alherin farko da aka yi mini a Manchester, kuma ba daga mai carbi ya fito ba.

Daga nan ta koya mini. Ba a wanke shi, gishirin da hayaƙin su ne daɗinsa a wurinsu. Ba a sa masa mai, da nasa yake zuwa. A shimfiɗa takarda a tire, a jera shi ɗaya bayan ɗaya kada wani ya hau wani, a tura obin. Kitsen zai narke ya kwanta, naman ya motse ya yi ja. In ana so ya yi ƙaras a ƙara masa lokaci, amma na tsofaffi ba a bari ya bushe don kada ya maƙale musu. A tsame a kan takarda ta shanye maiƙon, in ya huce a daddatsa ƙanana.

Sai babban aikin, abin da Pauline ke kira kasarol ɗin safe, ni kuma na raɗa masa alalen Turawa. Burodin da ya kwana ake yayyankawa a zuba a tire mai zurfi da aka shafe da bota. A barbaɗa naman da albasa da cuku. A kaɗa ƙwai da madara da ɗan masoro a kwarara a kai, a danna da cokali har burodin ya sha. A rufe a sa firji ya kwana, da safe a gasa har tsakiyarsa ta daina rawa in an girgiza tiren. Ba a sa gishiri ko ƙwaya ɗaya, na jikin naman ya isa. Wannan dokar Pauline ta fi nanatawa, don ta lura hannuna yana kai kansa wurin gishiri ba da sanina ba.

Ku tuna ni mai girki ce, an raine ni a kan cewa ba a sauke tukunya sai an ɗiga miya a tafin hannu an lasa. Ga ni ina girka abin da ba zan ɗanɗana ba. Da ido da kunne na koye shi. Na san ƙarar da kitsen ke yi in ya kusa, na san kalar da saman ƙwan ke yi in ya nuna. Pauline ce harshena, ita ke ɗanɗanawa ta gyaɗa kai. Ba a jima ba tsofaffin suka fara aiko da faranti a share, wani tsoho ma da ya daina cin komai ya koma neman ƙari. Na tsani abin, ƙaurinsa yana bina har cikin barci, ina gama aiki nake cuɗa jikina kamar zan saɓule fata. Duk da haka in na ga farantan sun dawo a share sai in ji wani sanyi a raina, sai kuma in ji haushin kaina da na ji shi.

Don in gode wa Pauline na kawo mata dambun nama daga Birmingham a kwanon samira. Washegari ta miƙo mini kwanon a wanke, a goge, ba komai a ciki, ta ce ya yi daɗi. Na karɓa na yini ina kumbure-kumbure. Da yamma ta tare ni ta ce in faɗi abin da ke cina ko in daina jefa mata cokula. Na gaya mata a wurinmu ba a mayar da kwano wayam, wanda ya yi haka ko dai bai san mutunci ba ko bai ɗauke ka mutum ba.

Ta ce, "To ni na sani? A nan in ka mayar da kwano a wanke ka gama mutunci." Sannan ta ƙara da cewa, "Kuma me zan sa miki? Ke da ko biskit ɗina ba kya ci."

Gaskiya ta faɗa. Takan zo da kek ɗin da ta gasa a gida ta raba wa ma'aikata, ni kullum na ƙoshi. Kofina ma daban na ajiye. Ban san abin da ya taɓa tirenta na gida ba, kuma ban ga dalilin da zan yi caca da cikina ba. Maganar ta tsaya a nan.

Ban zauna haka nan ba, na nemi wani aikin. Duk inda na je sai a ce in kawo shaida daga inda nake, shaidar kuma a hannun Alhaji take, shi kuma kullum gobe. Ana cikin haka 'yar Hajiya Luba ta haihu, Hajiya ta kira ni da kanta. Ta ce ni take so in yi wainar suna. Ta ce in mutane suka ci suka yaba, to na zama mai girkin taron Hausawan Birmingham, suna da walima da buɗa-baki duk nawa ne, har na Coventry da Leicester za ta haɗa ni da su. Na ajiye waya na yi sujada. Ƙofar fita daga kicin ɗin alade ke nan Allah ya buɗe mini, kuma da tandar Inna zan fita.

Ranar Juma'a na dawo Perry Barr na jiƙa shinkafa, na niƙa, na haɗa ƙullu na rufe shi da bargo kusa da hita don ya tashi. Tun asubar Asabar nake gaban tanda. Ban taɓa yin waina irin ta ranar ba, gefenta ya yi ja, cikinta kamar auduga. Na cika manyan kuloli biyu, na yi miyar taushe da kabewa da gyaɗa a ta uku. Malam ya kira tasi muka kai gidan Hajiya a Edgbaston, aka karɓa aka shiga da su ciki, ni kuma na shiga cikin mata ana ta barka.

Da aka fara fito da abinci na ga shinkafa da kaji a cikin tiren gidan abinci, na ga sinasir ɗin wata, na ga zoɓo, ban ga waina ba. Na lura kuma wadda ke kusa da ni ta ɗan janye mayafinta. Can sai Hajiya ta yafito ni. Ta kai ni wani ɗan ɗaki a bayan kicin inda injin wanki yake. Kulolina suna ƙasa kusa da bokitin goge-goge, ɗaurin da na yi musu ko kwance shi ba a yi ba.

Ta ce, "Zuwaira, ashe abin da kike yi a Manchester ke nan?"

"Me nake yi, Hajiya?"

"Kada ki sa in kama sunansa a gidana ranar suna. To be honest I was shocked. Mudi ne ya gaya mini ɗazu, ya ce amana ce, ba zai iya zuba ido jama'a su ci bai yi magana ba."

Na ce, "Hajiya, shinkafar nan a Perry Barr na jiƙa ta. Tandar ta mahaifiyata ce, ba ta taɓa ganin hanyar Manchester ba. Hannuna kuwa na wanke shi. Da shi nake alwala, da shi na ɗauki jaririyar ɗazu kika ce ta yi kama da ke."

"Ai ban ce kin ci ba, 'yar nan. Amma kin san mutanenmu. Abin zuciya ne, in ta ƙi ta ƙi. Ba zan so a tashi daga sunan jikata ana ƙananan maganganu ba."

"In an ci wainar nan yau ne zan bar wurin, Hajiya. In kika mayar mini da ita, can kika mayar da ni."

Ta dafa kafaɗata da 'yan yatsu biyu ta ce, "Allah zai kawo mafita. Ki yi haƙuri, za a biya ki wahalarki."

Wahalata. Kamar wahala na kawo mata a kula. Na tsaya ina kallon matan da ke cin shinkafar gidan abinci hannu baka hannu ƙwarya, babu wadda ta tambayi wa ya dafa, ko me ya taɓa kafin ya dafa. Waɗannan su ne masu tsayawa a tashar jirgi su sayi burodi da cuku daga hannun da ya gama yanka alade yanzun nan, su ce ai an canza safar hannu. Baƙon hannu ya halatta. Nawa da suka sani, suka ci daga gare shi suka lashe yatsu, shi ne ya haramta.

Na fita na sami Alhaji Mudi a bakin ƙofa cikin maza, yana sakace. Ban gaishe shi ba.

Na ce, "Alhaji, wa ya kai ni wurin nan?"

Ya ce, "Malama, ni aiki na samo miki. Abin da kika yi a ciki tsakaninki da Allah ne."

"Kai ka ce in sa safar hannu. Ka ce ka tambayi malamai."

"Wannan maganar aiki ce. Ciyar da jama'a kuma daban, it's a different issue."

"To kason da kake cira a kan kowace safiyar da na tsaya gaban obin ɗin, da wane ruwa kake wanke shi? Na ji an ce ragon sunan ma kai ka saya."

Ina so in ce muku wani ya tashi ya goyi bayana, amma ba wanda ya tashi. Wani ya duba agogo, wani ya ce a yi haƙuri ranar farin ciki ce, Alhaji ya girgiza kai irin na wanda aka zalunta ya yafe. Malam ya taso ya ce mini a hankali, "Ya isa, mu tafi." Shi ya shiga ya ɗauko kulolin ta ƙofar baya.

A bas ya ce da na yi shiru, manya ne, ba a haka da su. Da muka shiga ɗaki ya buɗe kula ya zuba waina ya ci, ya ƙara, yana satar kallona. Ba zan danne masa wannan ba, ya ci. Amma cin da ya yi a ɗaki ƙofa a rufe bai biya ni shirun da ya yi a gaban mutane ba, kuma na gaya masa haka.

Ni ba a koya mini zubar da abinci ba. Ranar Lahadi na ɗaure kulolin na hau doguwar bas da su zuwa Manchester, ban ma san wanda zan ba ba. Matan gidanmu suka ɗiba kaɗan, sauran na kinkima zuwa wurin aiki ranar Litinin. Pauline ta dubi kulolin, ta dubi idanuna da suka kumbura, ta ce in zauna. Na ba ta labari ina jera naman a tire, don aiki ba ya jiran mai kuka.

Ta ce, "Tsaya in gane. Mutumin da ya kawo ki nan shi ya ce kada a ci abincinki saboda kina nan?"

Na ce shi ne.

Ta faɗi wata kalma a kansa da ba zan rubuta ba, ko da yake ta yi mini daɗi. Doka ta hana a ba tsofaffin abincin waje, don haka da aka tashi ta sa kulolin a bayan motarta ta tafi da su, ba ta ko tambaye ni ba.

Sai ranar Alhamis ta dawo da su. Mun gama raba abincin safe, kicin ya yi shiru, ta ɗora ɗaya daga cikin manyan a kan tebur ta ce ita da jikokinta da maƙwabta sun cinye, wani maƙwabcinta har da zuma ya ci, miyar kuma ta kusa kashe mijinta da yaji amma ya ƙi ajiye cokali. Na ɗaga kular zan sauke na ji ta da nauyi. Na buɗe.

Tire ne a ciki, an rufe shi da takardar gashi, da ɗuminsa. Alalen Turawa ne, samansa ya yi ja daidai yadda ake so.

Pauline ta juya tana goge tebur da ya riga ya gogu. Ta ce, "Kin ce ba a mayarwa wayam. Naman sa ne, daga mahaucin nan na Cheetham Hill mai gemu, na sa ya rantse mini yankan Musulmi ne. Tiren sabo ne, ga takardar kanti nan a gindinsa ban ɓare ba. Wuƙa da cokali da roba duk sababbi na saya." Har yanzu ba ta juyo ba. "Ba dole sai kin ci ba, Zu. Hannun dai nawa ne, shi ban samu sabo ba."

Na dubi hannun nata a kan tsumma. Duk tabon ƙuna ne, a bayan yatsu da wuyan hannu, inda bakin obin ke kama mutum in yana fito da tire. Ina da irinsu a wuri ɗaya, nawa dai ba su tsufa ba. Na tuna yatsu biyun da Hajiya ta dafa ni da su.

Na cire safar hannu, na wanke hannu, na yi bisimilla na gutsura da yatsuna. Abin da na yi wata da watanni ina girkawa, sai ranar na san yadda yake a baki. Laushi gare shi, ga daɗin madara da albasa, amma salam yake kamar abincin asibiti. Pauline ta bi dokarta ta kullum, ta manta naman sa ba ya zuwa da gishirinsa.

Ta juyo ta ce, "Yaya?"

Na ce, "Ba gishiri."

Ta dafe goshi ta sake faɗin kalmar nan, wannan karon a kan kanta. Na ciro ƙullin yajin da ba ya barin jakata na barbaɗa, na ja kujera na zauna. Ina ci hawaye yana zuba, ita kuma tana tsaye a kaina tana faɗa wai na lalata mata girki da barkono. Ban tashi ba sai da na ga gindin tiren.

Har yau ina kicin ɗin, ina kuma neman hanyar fita, kuma ban yafe wa Alhaji Mudi ba, kada wani ya zo mini da wa'azi. Daga Edgbaston ba a sake kirana ba, ni ma ban kira ba. Ranar Juma'ar nan na wanke tiren Pauline na sa a jaka na tafi da shi Perry Barr. Malam ya gan shi ya tambaya na wane ne, na ce na mutane ne. Na auno shinkafa na jiƙa, na sauko da tandar Inna daga saman kabad inda na jefa ta tun ranar suna. Litinin zan mayar wa matar nan tirenta, kuma ba wayam ba.